Hoton miji da mata marubuta a tsakiyar ƙarni na 20: a kan wa ake saita kyamara?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga manyanmu. Hotunan nan na marubutan Turai, miji da mata, na wajen 1940 zuwa 1960, irin na Virginia da Leonard Woolf ko na Ted Hughes da Sylvia Plath, yawancinsu fasali guda ne. Suna zaune a ɗaki kusa da taga, littattafai a bayansu, murmushi sai ƙalilan, kuma sau da yawa fuskar ɗaya ta fito tar, ta ɗayan kuwa da ɗan hazo-hazo. Da gangan masu hoton ke yin haka, ko kayan aikin zamanin ne suka gaza? In mutum zai ɗauki irinsa yau, ta ina zai faro?

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Ɗana, duka biyun ne, amma faro da kayan aiki, don su ke matsa wa mai hoto lamba har ya zaɓi mutum guda.

Kyamarar da masu ɗaukar wa jaridu da mujallu hoton mutane suka fi riƙewa a shekarun 1950 ita ce Rolleiflex ta Jamus. Da ita Jane Bown ta fara wa jaridar Observer aiki a 1949, Ida Kar ma ta koma kanta a ƙarshen shekarun 1950. Gilashi biyu gare ta, na sama na leƙe, na ƙasa na ɗauka. Fim lamba 120 take ci, hoto 12 kacal a nadi guda, kowanne murabba'i, santimita 6 kowane gefe. Gilashinta milimita 75 ne mai buɗewa zuwa f/3.5, ko 80 mai kaiwa f/2.8 (lambar f awon ƙofar haske ce, in ta ƙaru ƙofar ta tsuke). Ba a kara ta a ido. Rataya ta ake yi a wuya ta sauko ƙirji, mai hoto ya sunkuya ya leƙa ta sama.

Abu uku suka biyo bayan wannan ƙira. Kyamarar tana ƙasa, saboda haka in mutanen suna tsaye za ka ɗauko su daga ƙarƙashin haɓa, ƙofofin hanci su fito. Shi ya sa ake zaunar da su, gilashin ya zo daidai fuska. Sannan fuskar mai hoton a buɗe take, in ya gama saiti sai ya ɗago ya yi musu hira, ya latsa ba su ankara ba, don ƙarar ƙiftawarta ba ta da yawa. Na ƙarshe shi ne wanda ka lura da shi: girman fim ɗin ya sa zurfin saiti, wato faɗin wurin da ke fitowa tar a hoto, ya yi kaɗan ƙwarai.

Injiniya: Bari in ɗora lissafi a kan maganar Baba. A ce gilashi mai milimita 75, mutanen suna nisan mita 2. Faɗin wurin da zai fito tar, daga gaba zuwa baya, kusan haka yake: a f/3.5 santimita 22, a f/5.6 santimita 36, a f/8 wajen 52, a f/11 ya ɗan haura 70. Kuma kar a ɗauka duka na bayan inda aka saita ne, kusan rabi yana gaba. Wato a f/3.5, in ka saita a kan idon matar, abin da ya rage maka a bayanta bai wuce santimita 12 ba. Miji ya jingina da kujera ita ta ɗan duƙo, tazarar fuskokinsu ta kai santimita 25 ko 30 ke nan, ya fita daga saiti. In kuwa yana tsaye a bayan kujerarta, tazarar takan kusa rabin mita, sai f/11 ko sama.

Me zai hana a rufe ƙofar hasken zuwa f/11 a huta? Haske ne babu. Kusa da taga da rana, a cikin ɗaki, da fim mai sauri irin Tri-X, abin da za ka samu bai wuce f/5.6 a kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ba, ko f/8 a ɗaya cikin 30. In ka je f/11 ka sauko ɗaya cikin 15, nan kuma motsin kai kaɗan ya ɓata hoton. Taura biyu ba ta taunuwa: ko ka samu zurfi ka rasa sauri, ko ka samu sauri ka rasa zurfi.

Mai Wankin Hoto: Malam Injiniya, lissafinka na fim ɗin yau ne. Tri-X na nadi ya fito a 1954, kuma awon saurinsa ASA 200 aka rubuta a kwalinsa, ba 400 na yau ba. Sai a 1960 aka gyara ƙa'idar awon, aka cire rarar da ake bari don gudun ƙarancin haske, lambobin fim ɗin baƙi da fari suka ninka ba tare da fim ɗin ya canza ba. To mai hoton 1956 da ya bi abin da ma'aunin haskensa ya faɗa, mataki guda ya fi ka matsuwa, wato ninkin hasken yake buƙata: f/5.6 a ɗaya cikin 30. Kafin 1954 kuwa, mai aiki da fim ɗin Super-XX a ASA 100 yake. Abin ya fi yadda ka zana tsanani.

Injiniya: To ka ƙara wa hujjar ƙarfi ke nan, Alhaji.

Malamar Adabi: Allah ya ƙara sani. Amma Baba, ni inda nake so a tsaya shi ne nan: kyamara ta tilasta a zaɓi mutum guda, na yarda. Wa ake zaɓa? Wannan ba gilashi ne ya yanke ba. Editan da ya aiko mai hoton ya riga ya san wanda ya aiko a ɗauka, ɗayan rakiya ce. A yawancin gidajen, namijin ne marubuci a idon jarida, matar kuwa matar marubuci ce, ko da tana rubutu.

Ku duba sha'iri Dylan Thomas da matarsa Caitlin. Rollie McKenna, Ba'amurkiya, ta je Laugharne a Wales ta ɗauke su a watan Satumba na 1953, wata biyu kafin rasuwarsa a New York ranar 9 ga Nuwamba. A lokacin Caitlin ba ta fitar da littafi ba, nata na farko sai 1957. Duk wanda ya ga hotunan a 1953, matar sha'iri ya gani. A Faransa ma, Elsa Triolet ce mace ta farko da ta ci kyautar adabi ta Goncourt, an ba ta a 1945, amma da yake waƙoƙin mijinta Louis Aragon sun cika da sunanta, jama'a da dama in sun ga hotonsu tare, wadda aka yi wa waƙa suke gani, ba mai rubuta littattafai ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne hoton da Mark Gerson ya ɗauka a liyafar kamfanin ɗab'i na Faber a Landan, watan Yuni na 1960. Ga Ted Hughes a wajen matakala tare da T.S. Eliot da W.H. Auden da Louis MacNeice da Stephen Spender. Plath tana wurin liyafar nan, ba ta cikin hoton. Ita ce fa ta buga masa waƙoƙinsa a keken rubutu ta aika gasar da ta sa aka ɗab'a littafinsa na farko a 1957.

Tsohon Edita: Malama, a nan zan ja da ke. Hoton nan na sha'iran kamfanin Faber ne, kamfanin ya tara mutanensa don tallan kansa. A 1960 Plath ba ta Faber ba ce, Heinemann ne ya fitar da littafinta na farko a watan Oktoban shekarar. Da a ce namiji ce mai ɗab'i a Heinemann, shi ma ba za a sa shi a layin ba. Ba ina cewa zamanin ya yi wa mata adalci ba ne, amma wannan hoton ba shi ne shaidar da za ki kafa ba.

Ga kuma wanda ya juya miki zancen: gidan Woolf. Can matar ce tauraruwa. Leonard marubuci ne, ɗan siyasa, tare suka kafa maɗaba'ar Hogarth a 1917, amma hotunan Virginia ita kaɗai su ke yawo a bangon littattafai. Ashe suna ake bi, ba jinsi ba.

Malamar Adabi: Ranka ya daɗe, suna ake bi, to wa ke raba sunan? Biyar a matakalar nan, biyar ɗin maza. Gidan Woolf kuwa, ai saboda ƙarancin irinsa muke ta ambatonsa.

Baba Mai Hoto: Tunda an ambaci Woolf, a tsaya a kansa, don darasin aiki ne sukutum. Gisèle Freund ce ta ɗauka, haifaffiyar Berlin a 1908, ta gudo Faris a 1933 da Hitler ya hau mulki. Watan Yuni na 1939 ne, a gidansu mai lamba 52 a Tavistock Square, Landan. Victoria Ocampo, marubuciyar Ajantina mai mujallar Sur, ita ta kai ta. Virginia ba ta son a ɗauke ta hoto, ta yarda ne a kan dole, bayan an gama ma ta rubuta wa Ocampo wasiƙar ɓacin rai.

Freund ba Rolleiflex ta shahara da ita a lokacin ba. Ƙaramar Leica ce, da fim ɗin kala na milimita 35, irin Kodachrome da Agfacolor da suka shigo kasuwa a 1936. Waɗannan ba nagatif suke bayarwa ba, hoton ne kansa a jikin fim, sai a haska shi a bango da majigi. Haka ta riƙa nuna wa marubutan Faris fuskokinsu a kantin littattafai na Adrienne Monnier, kuma hotonta na James Joyce ya hau bangon mujallar Time a watan Mayu na 1939.

Yanzu ku yi lissafi. Saurin Kodachrome na lokacin, in an mayar da shi awon da aka zo da shi daga baya, ASA 10 ne. Ba 400 ba, 10. A hasken tagar da Injiniya ya misalta, gilashi mai f/3.5 a buɗe duka zai nemi wajen kashi ɗaya cikin 4 na daƙiƙa. Mai f/2 zai ba ka kusan ɗaya cikin 15, da zurfin saitin da bai cika santimita 20 ba a mita 2. Ba mai riƙe wannan a hannu ya fito lafiya. Dole ƙafa uku, ko fitila mai ƙarfi, ko duka biyun, kuma dole mutanen su ƙame. Ana neman musu abin da zai tallafe su: bayan kujera, gwiwar hannu a kan cinya, hannu a kumatu, littafi a buɗe. Hannun nan a kumatu da ake cewa alamar zurfin tunani ne, sau da yawa maganin rawar kai ne kawai. Fim ɗin majigi kuma ba ya yafiya. Ka kuskure da rabin mataki, fuska ta wanke ko ta dushe, kuma babu ɗakin duhun da zai gyara maka.

Ɗan Sabon Gari: Baba, ke nan rashin murmushin ma daga nan ne?

Baba Mai Hoto: Wani ɓangare. Murmushin gaske motsi ne, ba ya tsayawa kwatan daƙiƙa. Na dole kuwa in ya daɗe sai ya koma yaƙe. Ga kuma al'adar zamanin, marubuci ba ya son a gan shi yana washe haƙora kamar ɗan talla.

Tsohon Edita: Wannan ne ya sa nake gargaɗin masu karanta ƙaddara a fuska. An san Virginia ta rasu a watan Maris na 1941, an san bom ya rushe gidan nan a watan Oktoba na 1940, sai a dawo a kalli hoton 1939 a ce ga baƙin ciki nan a idonta. Alhali mace ce da aka shigo mata gida da baƙuwa mai kyamara ba da son ranta ba, ga shirin tashi, don a watan Agusta suka koma Mecklenburgh Square, aka ce kar ta motsa. Haka ake yi wa Plath. Duk hoton da ta kalli gefe sai a jingina shi da rasuwarta a Fabrairun 1963, ko da McKenna ce ta ɗauke shi a Boston tun 1959.

Darajar hotunan Freund a wurina ta wani fanni ce. Zanen da Vanessa Bell, yayar Virginia, da Duncan Grant suka yi a bangon falon ya tafi da gidan, a kalar waɗannan hotuna ake ganinsa yanzu. A lura kuma da bayanin ƙasan hoto. Karyar da ke tare da su, wasu kan rubuta Pinka. Pinka ta mutu tun 1935, wannan Sally ce. Kuskure irin wannan in ya shiga littafi guda, sai ya yi ta haihuwa.

Malamar Adabi: Wannan gargaɗin na karɓe shi hannu biyu. Ɗalibai suna yawan faɗawa ciki.

Injiniya: Akwai na biyun zurfin saiti da ba a taɓo ba, raguwar haske. Haske yana raguwa ne da murabba'in nisa. Ka ajiye fitila mita 1 daga matar, mijin yana mita 1 da rabi, abin da zai same shi bai kai rabin nata ba, sama da mataki guda ke nan. Ka ja fitilar baya, ita tana mita 3 shi yana 3 da rabi, bambancin ya koma ƙasa da rabin mataki. Taga ba ta bin lissafin daidai-wa-daida saboda faɗinta, amma halin guda ne: wanda ke jikinta ya yi fes, na ciki ya nutse. Ido kuwa wuri mai haske yake fara zuwa. To ko an saita su biyun daidai, wanda aka zaunar a bakin taga shi ne tauraron hoton.

Fitilun da suke ɗauka zuwa gidaje su ne ƙwayayen Photoflood. Ƙarami wat 250 ne, yana mutuwa bayan kamar awa 3, babba wat 500, awa 6. Zafi gare su sosai, minti kaɗan goshi ya fara ƙyalli, idanu su tsuke. Haskensu ja-ja ne, digiri 3400 a awon kalar haske, shi ya sa Kodak ya yi Kodachrome na musamman dominsu. In ka haɗa su da hasken taga a fim ɗin kala, gefen fuska ɗaya ya yi shuɗi ko ɗayan ya yi ruwan goro, dangane da fim ɗin da ka sa. Maganinsa a ja labule a zauna kan haske iri guda. A baƙi da fari babu wannan damuwa.

Mai Wankin Hoto: A baƙi da fari, ɗakin duhu ke rufa asirin abin da ya lalace a falo. Ruwan wankin da aka fi amfani da shi D-76 ne na Kodak, tun 1927, Ilford kuma na da takwaransa ID-11. Haɗinsa a lita guda: metol giram 2, sodium sulfite giram 100, hydroquinone giram 5, borax giram 2. Zafin ruwa digiri 20. Ga Tri-X na yanzu, in an sirka rabi da rabi da ruwa, minti 10 ba kaɗan, ana girgiza tankin daƙiƙa 5 duk rabin minti. Hoton bakin taga yana da tazara mai yawa tsakanin haske da inuwa, saboda haka ka ba shi haske isasshe wajen ɗauka don inuwa ta samu, ka rage lokacin wanki da kamar kashi 15 cikin ɗari don gefen taga kar ya toshe.

In fim ya bushe sai a yanka shi, a shimfiɗa duka 12 a kan kati guda a danne da gilashi a haska. Wannan takardar gwaji ita ke zuwa teburin edita ya zagaye wanda yake so da jan fensir. Wajen wanke babban kati, a fara da kati mai lamba 2, wato mai matsakaicin bambancin baƙi da fari, a yi gwajin daƙiƙa 4, 8, 16, 32 a kan fuskar da ta fi muhimmanci. Fuskar da ta nutse a inuwa, a kāre ta da ɗan kwali a kan siririyar waya na kamar kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin, hannu na motsi ba tsayawa. Wadda ta yi fari da yawa a ƙara mata haske ta cikin hudar kwali. In aka zarce, sai ka ga wani farin da'ira kewaye da kai, ko fuska ta yi toka-toka babu baƙi a cikinta. Ku duba tsofaffin hotunan jarida da kyau, za ku riƙa ganin wannan da'irar. Haske ana gyara shi a nan, saiti kuwa ba ya gyaruwa. Wanda ya fita ya fita.

Ga mai son gwadawa a ƙasarmu: ruwan famfo da bazara yakan haura digiri 30. A haka lokacin wanki zai gaza minti 5, fim ya fito dabbare-dabbare. A sanyaya da ƙanƙara, kuma duk ruwan uku, na wanki da na tsayarwa da na kamawa, har da na ɗauraya, kar bambancinsu ya wuce digiri 2 ko 3, in ba haka ba fatar fim ɗin ta yamutse. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a shanya a banɗaki a rufe ƙofa.

Tsohon Edita: Daga nan hoto ya zo hannun irinmu, kuma a nan ake raba aure. Murabba'in nan na Rolleiflex editoci suna son sa ne don ana iya datse shi a tsaye ko a kwance. Shafi ya matse, gurbi ɗaya ya rage, in akwai tazara tsakanin kafaɗun miji da mata, layi guda za a ja a jefar da rabi. Hotuna da yawa da kuke gani na marubuci shi kaɗai, ku duba gefen: guntun kafaɗa, ko yatsu a kan hannun kujera, ko idonsa na kallon wani da babu shi. Gogaggen mai hoto da ke son a bar masa su biyun yakan ɗaure su yadda ba za su yanku ba. Kafaɗa ta hau kan kafaɗa, hannun ɗaya a kan damtsen ɗaya, ko su riƙe takarda guda tare.

Sai juya nagatif. In mutumin yana kallon wajen shafi, akan kifa fim ɗin don ya kalli ciki. Ana gane shi da rubutun bayan littattafan da ke kanta, da maɓallan kwat, don ta maza gefen hagu ke hawa kan dama, da kuma zoben aure, wanda a Ingila da Amurka a hagu ake sa shi. Kafin wani ya gina sharhi a kan cewa matar tana dama ko hagu, ya tabbatar ba a kifa hoton ba.

Ɗan Sabon Gari: Na gode ƙwarai. Saura rabin tambayata, Baba. Da kyamarar zamani, yaya za a yi?

Baba Mai Hoto: Ka nemi taga babba wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye. Littattafan Turai za su ce maka tagar arewa, amma a Kano ko Zinder daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana takan ratsa ta arewa, to ka duba da idonka, ko ka rataya farin yadi marar kauri. Kashe fitilun ɗakin. Zaunar da su mita 1 da rabi zuwa 2 daga tagar, ba a jikinta ba, hasken ya zo daga gefe da ɗan gaba. Wanda fatarsa ta fi duhu ko tufafinsa suka fi duhu, shi ne a ɓangaren taga. Farin kwali mai faɗin mita guda a ɗaya gefen, daf da inda hoton ya ƙare, ya mayar wa na ciki haske. In mijin ya sa farar shadda, kar ka bar kyamara ta auna da kanta, za ta ruɗu da farin ta dusar da fuskoki. Auna fuska, sannan ka duba farin bai ƙone ba.

Kyamara a kan ƙafa uku, a tsayin ƙirjinsu suna zaune. Ka tsaya a gefensu ka duba: idanun su biyun su zama nisa guda daga gilashi. In ɗaya dogo ne sosai, kamar yadda Hughes ya ɗara Plath duk da ita ma doguwa ce, dogon ya zauna a kujera, ɗayan a kan hannun kujerar, kawunan su kusanci juna amma kar su yi layi guda. Bango ya kasance aƙalla mita guda a bayansu. Saita a kan idon da ya fi kusa da kai, ka ɗago kanka daga kyamarar ka yi musu magana. Ba su abin yi na gaske, ɗaya ya karanta wa ɗaya shafi.

Injiniya: Ƙarin lissafi kaɗan. In kyamararka mai cikakken faifai ce, milimita 24 a 36, kuma za ka datse hoton ya zama murabba'i, gilashi mai milimita 35 ne zai ba ka faɗin da na 80 ke bayarwa a Rolleiflex, ba na 50 ba. Zurfin saitin kuma, f/5.6 na can ya yi daidai da wajen f/2.4 a naka, f/8 ya zo f/3.5. Kar ka matso ƙasa da mita 1 da rabi da wannan gilashin, wanda ya fi kusa zai kumbura, gwiwoyi da hannaye su yi girma.

Malamar Adabi: Ni kuma roƙona, in an zo rubuta bayanin ƙasan hoto, a sa sunan kowa cikakke da aikinsa, da wuri da shekara da sunan mai hoton. Kar a rubuta wane da maiɗakinsa.

Ɗan Sabon Gari: In sha Allah, Malama. Tambaya ta ƙarshe, Baba: tunda 12 ne kawai a nadi, yaya suke raba su?

Baba Mai Hoto: Babu doka, amma tsarin da ya fi tsira shi ne wannan. Biyun farko a ɗauka a matsayin asara, mutane ba su saki jiki ba tukuna. Shida a kan zama guda na su biyun, ba tare da canza wuri ba, saboda mutum biyu sun ninka yiwuwar wani ya ƙifta ido. Amfanin Rolleiflex a nan shi ne gilashin leƙenta ba ya rufewa lokacin ɗauka, in wani ya ƙifta ka gani, sai ka sake. Huɗun ƙarshe, biyu ga kowannensu shi kaɗai, a wuri guda da haske guda. In ka ba edita hoton kowa daban, ba shi da dalilin datse na tare. In akwai nadi na biyu, sai a tashi a koma teburin rubutu ko a fita lambu, a sake auna haske daga farko.